Yadda ake wanke lagireto a canza ruwan kulant na tsohuwar mota mai gudu, ko da a ƙauye kake

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe da tsofaffin motoci. Ni a wani ƙauye nake tsakanin Ɗambatta da Kazaure, motata kuma BMW ce 328i mai ƙofa biyu ƙirar 1996, irin wadda ake kira E36, mai filogi shida a jere. Mota ce da nake ji da ita sosai, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa irinta a titi mai kyau ya san dalili. Amma abin da yake kashe motocin nan a ƙasarmu yawanci ba gudu bane, ba kuma ramin hanya bane, zafi ne, kuma zafin nan daga ruwan da muke ɗura musu yake farawa.

Lokacin da na sayi tawa hannu na uku ce ko na huɗu, a watan Afrilu ina dawowa daga Kano da rana tsaka sai naga allurar tamfireca ta ɗan gota tsakiya, na gangara gefen titi na kashe ta na zauna ƙarƙashin darbejiya har ta huce. Da na buɗe murfin tankin ruwa wallahi abin da na gani kamar ruwan kududdufi bayan ruwan farko, ja-ja-ja da tsatsa, ga wani laka-laka a jikin murfin. Washegari na nuna wa wani dattijon bakanike a garinmu da muke cewa Kawu, nace Kawu wannan fa meye, ya dangwala da yatsa ya murza yace yaro ai ruwan rijiya ake ta ba motar nan shekara da shekaru. Daga nan na dage na koyi aikin da hannuna, yanzu sau uku kenan ina yi, kuma abin da zan bayyana shi nake yi ba ƙari.

Kafin komai bari mu cire wani tunani da ya zauna a kan mutane, wai kulant na ƙasashen ƙanƙara ne mu nan bamu da buƙatarsa. Eh gaskiya ne idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa baya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ko a tsakiyar hunturu mu bamu taɓa kusantar haka ba. To amma ba shi kenan aikinsa ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 107 ko 108, idan kuma murfin yana riƙe matsi yadda ya kamata sai ya haura 120 bai tafasa ba. Babban aikinsa a wajenmu shine maganin tsatsa da ke cikinsa. Cikin injin akwai ƙarfe, akwai alminiyam, akwai roba, duk ruwa ɗaya ne ke ratsa su, ruwa zalla yana cin ƙarfen yana ƙwaƙular alminiyam ɗin tof, wato kan injin inda filogi suke, sannan ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa wanda in ya sha zafi sai ya daskare ya zama farin dutse, ka duba cikin butar shayin mai shayin unguwarku zaka ga abin da nake nufi. To irin wannan farin abin shi yake toshe siraran bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya, kai baka sani ba sai ranar da ta tafasa maka a hanya.

Kayan da zaka tanada. Kulant na gaske, kuma ka karanta jikin galan ɗin da kyau domin iri biyu ne, akwai mai kauri wanda sai ka sirka da ruwa, akwai wanda an riga an sirka shi zubawa kawai zakayi. Ni mai kaurin nake saya, zan faɗi dalili a gaba. BMW na wancan zamanin shuɗi take sha, irin wanda ake rubuta G48 a jikinsa. Amma dan Allah kada launi ya ruɗe ka, launi rini ne kawai, akwai jarkokin da ake sayarwa a bakin titi ruwa ne aka zuba wa kala, in ka ɗiga a yatsa ka murza kaji ba santsi ko kaɗan to ka ajiye musu kayansu. Ka duba an rubuta ethylene glycol a jiki kuma ya dace da injin alminiyam. Ni sai na shiga Kano nake sayowa a Ƙofar Ruwa wajen wanda na yarda da shi, tare da sauran ƙananan kaya don kada aiki ya tsaya min a tsakiya.

Sai ruwa, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Ruwan da ya dace shine tataccen ruwa wanda ba gishiri a cikinsa, wanda ake ƙara wa batir. Amma fa hattara, idan kaje shago kace a baka ruwan batir wani zai miƙo maka mai asid ne, wannan in ya shiga injinka ka gama da shi, kace musu wanda ba asid kake so, kuma ka tabbatar da kanka kafin ka biya. Motata tana cin wajen lita 10 da rabi gaba ɗaya, don haka na haɗi kaɗai kana buƙatar lita 5 zuwa 6, na ɗauraya kuma ka tanadi kamar lita 20 ko fiye. Idan kuɗin tataccen ya yi maka yawa, ɗaurayar farko da ta biyu kayi da ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan kwano ya wanku, ko ruwan da ke ɗiga daga esi in kana da inda zaka samu, amma ɗaurayar ƙarshe da haɗin kansa a yi da tatacce.

Sauran kaya, sukundireba mai faɗin baki, sifana, filaya, baho mai faɗi da zai ɗauki lita 12, mazurari, jarka mai murfi ta zuba tsohon ruwa, tsumma, safar hannu, jak da abin tokare mota, da sabuwar wosha ta alminiyam ta kusar bulok, wato gangar jikin injin. Ni ina ƙarawa da sabuwar kusar fitar da iska da ta ƙasan lagireto a aljihu, domin na roba ne kuma robar da ta shekara kusan talatin tana shan zafi ko hararta kayi sai ta karye, kuma in ta karye a ƙauye ranar da ba mai shiga birni to motarka ta kwana nan.

Yanzu aiki. Da sassafe ake yi, motar ta kwana bata tashi ba, ka ɗora hannu a kan injin kaji sanyi ƙalau. Kada ka kuskura ka buɗe murfin ruwa injin na da zafi, ruwan da ke ciki yana iya wuce zafin tafasasshen ruwan tukunya matsi ne kawai ya danne shi, kana sassauta murfi zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu, na san wanda har yau tabon yana wuyansa. Ka nemi wuri mai tauri, domin ƙasarmu rairayi ce jak yana nutsewa, ni dandamalin siminti na ƙofar gida nake amfani da shi, in babu ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak ɗin. Ka ja hambirki, ka sa giya, ka datse tayoyin baya da dutse. Motocin nan a ƙasa suke sosai dole sai an ɗaga gaba, kuma kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tokare da bulon siminti don yana rugujewa ba sallama, ka samu ƙarfen tokare na gaske ko guntun kututture mai ƙwari.

Sannan kafin ka kwance komai a ɗaure awaki, a kora kaji, a ce wa yara su koma cikin gida. Wannan ba wasa nake ba. Kulant yana da zaƙi a baki, dabba tana lasa da son ranta, yaro ma yaga ruwa mai kala zai ɗauka lemo ne, kuma guba ce mai kashe ƙoda, kaɗan ya isa. Wanda ya sha da farko zai zama kamar mai maye ko ma ya zama kamar ba komai, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta tsaya. In tsautsayi ya sa yaro ya sha a ɗauke shi zuwa asibiti nan take da galan ɗin a hannu, kada a tsaya bashi madara ko manja ana jira a gani.

Ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma kada ka tada injin, ka kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a lamba ɗaya. Dalili shine akwai wani ƙaramin lagireto a cikin dashbod na hita, shima ruwan injin ne ke bi ta cikinsa, in baka buɗe masa hanya ba tsohon ruwa zai maƙale a can ya dawo ya ɓata maka sabo. Motoci da yawa a nan an riga an yanke tiyon hita an haɗe su a waje saboda ya taɓa yoyo, in taka haka take to wannan bai shafe ka ba, amma ka leƙa bayan injin ka tabbatar.

Buɗe murfin tankin roba a hankali, sannan ka sassauta kusar iska da ke kusa da shi. In akwai faifan roba a ƙarƙashin gaban motar ka cire shi. A ƙasan lagireto daga gefe zaka ga wata kusa ta roba, a tawa shuɗiya ce, ka tara baho ka kwance ta da sukundireba mai faɗi, sannu sannu, in taƙi kada ka yi mata ƙarfi, gara ka sassauta kilif ɗin babban tiyo na ƙasa ka zare tiyon, ruwan zai zubo da yawa lokaci ɗaya dai amma ba abin da zai karye. Ka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗiga.

To a nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa su ce sun juye ruwa, alhali kusan rabi yana nan kwance a cikin bulok, kuma mafi dattin ma shine a can. A injin nan akwai kusar juye ruwan bulok ta ɓangaren salansa, a ƙarƙashin inda bututun hayaƙi ke fitowa daga injin, wuri ne mai matsi sai ka kwanta ka haska da tocilan kafin ka gan ta, a tawa sifana mai lamba 19 ce ta kama ta. In ka kwance ruwan baya zubowa a tsaye, yana dukan ƙarafa ya watsu ko'ina, don haka ka kawar da fuskarka ka rufe bakinka, baho mai faɗi shi yasa nace. Karo na farko da na cire tawa ko ɗigo bai fito ba, ashe laka ce ta toshe ramin, sai da na zura guntuwar waya na tsokana sannan ya ɓalle, baƙi-baƙi da ɓarɓashin tsatsa kamar an wanke tsohuwar garma. In kaga taka ta ciza ta ƙi motsi ka fesa mata man kwance tsatsa ka jira, in har yanzu ta ƙi ka haƙura da ita ka ƙara yawan ɗauraya, karya kusa a jikin bulok ba ƙaramar masifa bace.

Kafin ka juye bahon a jarka ka tsaya ka kalli ruwan da kyau don yana baka labarin injinka. In tsatsa ce kawai da datti, alhamdulillahi wanki zai yi magani. In kaga mai yana yawo a sama, ko ka buɗe murfin baƙin mai kaga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo a jikinsa, ko dama motar tana fitar da farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi tana shanye ruwa ba tare da kaga yoyo ba, to wannan maganar gaskit ɗin tof ce, canjin ruwa ba zai gyara ta ba, kada ka ɓarnatar da kulant ɗinka, ka fara kai ta wajen mai gyara.

Sai ɗauraya. Mayar da kusoshin biyu ka ɗaure daidai misali da tsohuwar woshar tukunna, ka cika da ruwa mai tsabta ta tankin roba har ya fito ta ramin kusar iska, ka rufe, ka tada mota hita na buɗe ka barta a silo har ta ɗau zafinta na aiki, zaka gane haka in babban tiyo na sama ya yi zafi, alamar tamostat, wato abin da ke tare ruwa har injin ya ɗau zafi, ta buɗe ruwa ya fara zagayawa ta lagireto. Ka barta kamar minti goma bayan haka idonka na kan allura, ka kashe. Sai jira, kuma jiran nan shine wahalar aikin duka, awa ɗaya ko fiye sai ta huce yadda zaka iya riƙe tiyo da hannu ba ka ji komai ba. Kada gaggawa ta sa ka juye ruwan zafi ka ɗura mai sanyi a injin da ke turiri, haka ake tsaga tof ko a lanƙwasa shi, kuma tof ɗin filogi shida dogo ne baya son wannan ko kaɗan. Ka juye, ka sake cikawa, ka sake tadawa. Tawa a karon farko sai da nayi zagaye biyar kafin ruwa ya fito garau, na fara bayan asuba ban gama ba sai bayan la'asar, shi yasa nake cewa ka zaɓi ranar da ba kasuwa ba gona.

Game da abin da ake zubawa don ya ci datti, na ji masu cewa a zuba Omo, wasu kanwa, wasu har sodar da mata ke yin sabulu da ita. Dan Allah kada ka yi. Omo kumfa yake yi kuma fitar da shi duka sai an sha wuya, kanwa da soda kuwa suna cin alminiyam, wato tof ɗinka da lagireton kansa kake narkarwa. In dattin ya yi yawa akwai maganin wanke lagireto na kwalba da ake sayarwa a shagon kayan mota, ka zuba a zagaye na farko ka bi abin da aka rubuta a jiki na tsawon lokaci kada ka wuce, sannan ka ɗauraye aƙalla sau uku a bayansa. Kuma ka sani wani lokacin dattin ne ya toshe wani ƙaramin rami, in an wanke sai yoyo ya bayyana, ba wankin ne ya ɓata ba, dama a ɓace yake gara ka gani a ƙofar gida.

Lokacin da kake jiran ta huce kada ka zauna haka. Ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya kana matsawa da hannu, wanda ya yi laushi kamar dafaffen rogo ko ya kumbura a bakin kilif ko ya bushe yana tsattsagewa, canza shi. Ka duba wuyan lagireto na sama inda tiyo ke shiga da gidan tamostat da tankin kansa, a E36 duk roba ne kuma sanannen abu ne suna fashewa in sun tsufa, in kaga farin gari ko shuɗi-shuɗi ya bushe a wani wuri to nan yake tsattsafowa. Ka kama fankar gaba ka girgiza, in tana lilo ko kaga alamar ruwa ƙarƙashin watafam, wato famfon da ke zagaya da ruwan, to watafam ɗin ya kusa lalacewa, kuma na asali da yawa farfelarsu ta ciki roba ce tana karyewa ruwa ya daina zagayawa, in zaka canza nemi mai farfelar ƙarfe. Robar bakin murfin tanki ma ka duba, murfi mara riƙe matsi shi kaɗai ya isa ya sa mota tafasa, in zaka saya ka sayi mai lamba iri ɗaya da wadda ke rubuce a kan naka.

Sai wani abu namu na karkara da littafin mota ba zai gaya maka ba, wato wajen lagireton. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da ƙwari da tsinken ciyawa duk suna cushewa tsakanin lagireto da kwandensar esi da ke gabansa har su zama kamar tabarma, iska bata wucewa. Ka haska tsakaninsu ka gani, ka wanke da ruwa daga ɓangaren injin zuwa waje, ba da ƙarfi ba don siraran ƙarafan suna lanƙwashewa.

Tamostat kuma, na san da yawa an cire musu an jefar wai don mota ta daina zafi. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, in babu tamostat da safe ya daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi tana ta ƙara fetur, ga shan mai ga cin injin, kuma ainihin abin da ya sa take zafin yana nan ba a taɓa shi ba. Tunda ruwa a juye yake wannan ne lokacin da ya fi sauƙi ka saka sabuwa.

Idan ruwan ɗauraya ya fito fes, ka yi zagayen ƙarshe da tataccen ruwa ka juye duka. Yanzu ka saka sabuwar wosha a kusar bulok ka ɗaure, ƙa'idarta 25 Nm ne ga mai sifanar awo, in babu ka ɗaure ta kama sosai amma banda hawa kai da ƙarfin tuwo. Ta robar lagireto kuwa da zarar ta zauna ka tsaya.

Ga dalilin da yasa nake sayen mai kauri. Duk yadda ka juye akwai ruwan da zai rage a hita da lunguna, in ka zuba wanda aka riga aka sirka sai wancan ragowar ya ƙara tsinka shi. Don haka lissafi zakayi da abin da motar ke ci gaba ɗaya, lita 10 da rabi, rabinsa lita 5 da kwata kenan, sai ka fara zuba kulant mai kauri adadin nan sannan ka cike da tataccen ruwa. A yanayinmu ba dole sai rabi da rabi ba, ruwa ya fi kulant ɗaukar zafi, don haka ni lita 4 zuwa 4 da rabi nake sawa wato kamar kashi 40 cikin ɗari, amma kada ka yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku don maganin tsatsar zai yi rauni, kuma kada ka zuba shi zalla ba ruwa kana ganin gata kayi mata, zafi zata ƙara yi. Kada kuma ka gauraya iri biyu daban, wasu in sun haɗu suna yin kauri kamar koko.

Yanzu mun zo inda aikin yake lalacewa a hannun mutane, fitar da iska. Iskar da ta maƙale a cikin tof tana hana ruwa taɓa wajen, wajen ya yi ta gasuwa, kuma motocin nan sun yi suna wajen riƙe iska. Ka bar gaban motar a ɗage ya fi baya tsayi don iska sama take nema. Makulli a kunne injin a kashe, hita a ƙarshen zafi, kusar iska a sassauce. Ka dinga zubawa a hankali kamar mai tsiyaya man shanu a kwalba, ba ɗurawa ba, kana yi kana matsa babban tiyo na sama da na ƙasa da hannu zaka ji yana ƙulu-ƙulu ruwan yana sauka. Ci gaba har ruwa ya fara fitowa ta ramin kusar, da farko da kumfa zai fito yana tofi, kada ka rufe, ka ci gaba da zubawa har sai kaga yana gudana sumul ba ƙwayar kumfa ko ɗaya, wannan kan ɗauki minti goma ko fiye kuma zaka yi asarar ɗan ruwa, ka tara tsumma da baho kada ya kwanta a ƙasa. Sannan ka ɗaure kusar da yatsu biyu a kan sukundireba kawai. Tankin zai cika fiye da ƙima, ka zuƙe na saman da sirinji ko ka tsoma tsumma mai tsabta, banda baki, har ya dawo kan layin da aka rubuta KALT ko COLD, ka rufe murfi ya kama.

Sauke motar ka tada ta. Hannunka a bakin hita, idonka a allura. Cikin 'yan mintuna ya kamata iska mai zafi ta fara fitowa, in allura ta kai tsakiya hita na busa sanyi to akwai sauran iska, kashe ta, jira ta huce, sake yi daga farko. Ka ɗan bata wuta zuwa 2000 ko 2500 a agogon juyin injin sau uku sau huɗu don watafam ya tura. Kuma ka san halin allurar E36, an yi ta ne ta zauna a tsakiya cak ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, saboda haka duk lokacin da kaga ta gota tsakiya zuwa dama to abin ya riga ya yi nisa, kashewa zakayi nan take, kada kace bari in ƙarasa gida.

Masu wasu motocin irin su Celica ko Prelude ko MX-5, tsarin ɗaya ne sai dai ku murfinku a kan lagireton yake da robar rara a gefe, ta bakin lagireto zaku cika ku bar murfin a buɗe injin na silo har kumfa ta daina fitowa, sannan ku cika robar gefen zuwa layinta, kuma adadin litar da irin kulant ɗin ku duba na motarku don ba ɗaya bane da nawa.

In komai ya zauna ka ɗan zaga da ita kilomita biyar zuwa goma kusa da gida, ka dawo ka leƙa ƙasa da bakin kowane kilif da kusoshin da ka taɓa. Washegari da safe kafin ka tada ta ka buɗe ka duba, kusan kullum zaka tarar ya ɗan sauka saboda ragowar iska ta fita, ka cike zuwa layi da haɗin da ka rage. Ka yi haka kwana uku a jere, in ya tsaya shikenan, in kuma kullum sai ka ƙara har mako to akwai inda yake fita a nemo shi.

Tsohon ruwan tare da ruwan ɗaurayar farko-farko ka zuba a jarka ka rufe ka rubuta guba a jiki da babban rubutu, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo, ka ajiye inda yaro ba zai kai ba har ka samu shiga birni ka kai garejin da ke tara irin wannan. Jarkar da bahon da mazurarin sun zama na mota har abada, ka gaya wa mutanen gida da bakinka kada wata ta ɗauka ta wanke ta zuba ruwan sha ko ta jiƙa dusa a ciki. Inda ya zuba a ƙasa ka kwashe ƙasar da shebur, in siminti ne ka zuba yashi ya tsotse ka share sannan ka wanke.

Ni ina ajiye lita biyu na haɗaɗɗen ruwan a but saboda hanya, don kada wata rana dole ta sa in karɓi ruwan rijiya a wani gari, sannan na rubuta wata da shekara da fenti a cikin bonet ta gefen direba, bayan shekara biyu in sake, kuma a watan Fabrairu nake yi kafin zafin bazara ya shigo.